Kun tara jika 140, jama'a sun watse: amsa ga matasan da ke neman taimaka wa mutanen Darfur daga Maraɗi

Wani ƙanena, ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya aiko mini da tambaya, ya kuma yarda in amsa masa a bainar jama'a saboda ba shi kaɗai abin ya dama ba. Ya ce shi da abokan fadarsu sun ga hotunan da suka fito daga Al-Fashir, a yankin Darfur na ƙasar Sudan, bayan garin ya faɗa hannun dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, a watan Oktoba na 2025, barci ya gagare su. Suka kira taro a unguwa, mutane suka cika, har da masu hawaye, aka tara jika 140. Bayan mako uku, ko kiran waya ba a ɗauka. Kuɗin na hannun ma'aji, ba su san ta ina za su aika ba. Wani Alhaji da suka je wurinsa kuma ya ce musu: "Ga yunwa a ƙofar gidanku, kuna zancen Sudan?" Tambayarsa ita ce: ta yaya ake samun magoya baya da masu ba da kuɗi don yaƙi da kisan ƙare dangi, su kuma tsaya ba su gudu ba?

Ƙanena, Allah ya saka muku da alheri da kuka ji zafin abin. Na yi aikin agaji a sansanonin gabashin Cadi, tsakanin Abeshe da Adre, lokacin da mutanen Darfur suka fara kwararowa, na kuma yi aiki a nan ƙasar Gidan Rumji daga 2019 da 'yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetaro. Da abin da na gani a wuraren nan biyu zan ba ka amsa.

Watsewar mutanenku ba muguntarsu ba ce. Taron da aka haɗa da hoto mai tayar da hankali wutar kara ce, ta tashi sama nan take, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka. Amma akwai wani abu da ya fi wannan, kuma shi ne ainihin abin da nake so ka ɗauka: kun ce wa mutane su kawo kuɗi "a tsayar da kisan ƙare dangi". Jika 140 ba ta tsayar da shi, miliyan 140 ma ba ta yi. Wanda ya ba ku dala ɗari ranar taro, ya kunna rediyo bayan mako biyu ya ji ana ci gaba da kisa, a zuciyarsa zai ce kuɗinsa sun tafi a banza, ko da bai furta ba. Kun yi alkawarin da ba a hannunku yake ba. Aiki biyu ne kuka cakuɗa. Akwai ciyar da wanda ya tsira, da ba shi ruwa da magani da rumfar da zai fake: wannan kuɗi ke yin sa, ana iya auna shi, ana iya kawo rasit. Akwai kuma hana kisan da hukunta masu yin sa: wannan aikin gwamnatoci ne da kotuna, kuma abin da talaka ke sa wa a ciki shi ne murya da shaida da naci. Idan za ka tsaya gaban mutum, ka san wanne kake roƙonsa, ka gaya masa a fili.

Akwai wani darasi daga Amurka da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. A 2004 aka kafa wata babbar gamayya mai suna Save Darfur. Ta tara ɗimbin jama'a da dukiya, ta sa sunan Darfur a bakin mutanen da ko taswirar Afirka ba su sani ba, kuma a shekarar nan ce sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya kira abin da ke faruwa kisan ƙare dangi. Sai dai gamayyar ta faɗakarwa ce, kuɗinta na tafiya ne wajen talla da gangami da matsa wa 'yan siyasa, alhali da yawa cikin masu bayarwa suna zaton abinci suke saya wa 'yan gudun hijira. Da maganar ta fito, suka ta yi yawa. Ban ce aikinsu banza ba ne. Na ce rashin bambanta aikin biyu a gaban mai bayarwa yana cin amana, ko da niyya mai kyau ce. Kuma ayyukan nan biyu wani lokaci ma karo suke yi: a watan Maris na 2009, da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir, gwamnatinsa ta kori ƙungiyoyin agaji na waje guda 13 daga ƙasar. Shi ya sa za ka ga masu raba magani a fagen daga suna kame bakinsu, masu fafutuka kuma suna ɗaga murya daga nesa. Kowa da gonarsa.

Yanzu ita kanta kalmar. Ku riƙe ta da nauyinta. Kisan ƙare dangi ba kowane kisan kiyashi ba ne. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Folan, Raphael Lemkin, wanda aka hallaka danginsa da yawa a zamanin Hitila, shi ya ƙirƙiro sunan laifin a 1944, ya yi ta bin ofisoshi har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi ranar 9 ga Disamba 1948. Abin da ya raba shi da sauran laifuka shi ne niyya: a kashe mutane, ko a jikkata su, ko a ƙuntata musu rayuwa, ko a hana su haihuwa, ko a kwashe 'ya'yansu, da nufin shafe su a matsayinsu na al'umma, ko ƙabila, ko masu wani launin fata, ko mabiya wani addini, duka ko wani sashe. A Ruwanda a 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. A Sirebirenitsa ta ƙasar Bosniya, a watan Yuli na 1995, an ware maza da samari Musulmi fiye da 8,000 an kashe, kuma Kotun Duniya ta tabbatar a 2007 cewa kisan ƙare dangi ne. Game da Darfur ta yau, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoton cewa an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a garin Al-Junaina kaɗai a 2023, akasari 'yan ƙabilar Masalit, har gwamnan jihar Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, aka kashe a watan Yuni na shekarar; a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta ce RSF da mayaƙan da ke tare da ita sun aikata kisan ƙare dangi. Maganar Gaza kuwa, Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara Kotun Duniya a Disamban 2023, kotun ta ba da umarnin wucin gadi a Janairun 2024. Ka ga yadda na faɗi kowanne: wane ne ya ce, yaushe, a wane mataki. Haka za ku riƙa magana. Ranar da wani mai ilimi ya kama ku da ƙari ko kuskure a gaban jama'a, duk gaskiyar da kuka faɗa a baya ta bi ruwa.

Sai maganar Alhaji. Kada ku ji haushinsa, tambayarsa tana kan hanya. Mutumin da ya ga 2005 a garin nan, lokacin da iyaye mata ke layi da jarirai ƙashi da fata a cibiyoyin kula da masu tamowa, yana da hakkin ya tambaye ku dalilin tsallake maƙwabci. Amsar ba gardama ba ce. Amsa ta farko ita ce Darfur ba wata duniya ba ce a wurin Bahaushe. Kafin jirgi, ta nan kakanninmu ke bi zuwa Makka a ƙasa, ta Cadi, su shiga Sudan ta Al-Junaina, su wuce Al-Fashir, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago, wasu su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba gabas, zuriyarsu na nan a garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Hausawan Sudan suna da yawa, kuma a 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Bulu Nayil ya ci rayukansu da dama. Ka bincika a unguwarku, da wuya ka rasa tsohon da zai ce maka yana da kawu ko gwaggo da ta tafi hajji ba ta dawo ba. Ku kawo irin wannan tsoho ya yi magana a taronku. Minti goma nasa ya fi awa guda na bidiyo.

Amsa ta biyu ita ce ku nuna masa ba ku tsallake gida ba. Ni da a wurinku nake, da na raba asusun gida biyu tun daga farko, a bayyane: kaso ɗaya na 'yan gudun hijirar Sudan da ke Cadi, kaso ɗaya na waɗanda 'yan bindiga suka koro da ke zaune a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, tare da mutanen garin da suka karɓe su. Mai bayarwa ya zaɓa. Amfanin wannan ya wuce rufe bakin masu suka. Cadakori kusa take, kuna iya ɗaukar masu ba da kuɗi a mota ku kai su su gani da idonsu, kuma wanda ya ga kun sauke buhunan hatsi cif kamar yadda kuka ce, shi ne zai yarda da ku a kan abin da ke nesa da bai iya gani ba. Amma ku kiyaye: abin da 'yan bindiga ke yi ta'asa ce babba, kisa da fyaɗe da satar mutane, sai dai kada ku laƙaba masa sunan kisan ƙare dangi don kawai ku ja hankali. Zan dawo kan dalili.

Alhazan Maraɗi ba marowata ba ne. Masallatai da rijiyoyi da abincin azumin da ake rabawa a garin nan shaida ne. Amma ɗan kasuwa yana ba da kuɗi ne yadda yake ba da bashin kaya: sai ya san ka, ko ya san wanda ya tsaya maka. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da na je wa a 2019. Na shirya dogon jawabi a kaina. Ya bar ni tsaye yana lissafi da yaransa, ya gama, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya yi mini tambaya uku kacal: wa ke riƙe da kuɗin, buhu nawa nake nema, kuma yaushe zan dawo in gaya masa inda suka shiga. Na ce buhu goma na gero, zan dawo bayan kwana goma sha biyar. Ya ba da biyar. Ranar da na cika alkawari na koma da takarda mai sunayen gidajen da suka karɓa da sa hannun mai gari, ya sa tabarau ya bi ta layi layi da yatsa, bai ce komai ba, ya ninke ya sa a aljihu. Da na tashi tafiya ya ce wa yaronsa a ƙara mini goma. Daga baya shi ya riƙa kiran abokansa a waya. Saboda haka kada ku je wurin babban mutum ku biyar a kan kabu-kabu da takardar roƙo. Ku nemi wanda yake jin nauyinsa, limaminsa ko abokin cinikinsa, ya yi muku iso. Ku roƙi abu mai iyaka, mai suna da adadi. Ku faɗi ranar dawowa, ku dawo ko da ruwa ake da ƙanƙara.

Duk da haka ƙashin bayan tafiyarku ba Alhazai ba ne. Babban mai bayarwa yana iya fushi, ko kasuwa ta juya masa, ko iyaka ta rufe kamar yadda muka gani a 2023. Abin da ke ɗorewa shi ne ɗan kaɗan daga mutane da yawa, a kan lokaci sananne. Kuma wannan ilimi ba sai kun je wata ƙasa neman sa ba. A jihar Maraɗin nan aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Je ka zauna gefe ranar zubinsu ka kalla. Akwati a tsakiyar tabarma, makullansa a hannun mata daban-daban, ba mai iya buɗewa ita kaɗai. Ana kiran suna, mace ta miƙa kuɗinta, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a ƙarshe a faɗi jimilla, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi nawa aka bari. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma dala ba ta ɓata. Ku kwaikwayi wannan ba tare da girman kai ba. Mutum 200 da ke ba da dala ashirin kowace Juma'a, jika 20 ke nan a mako, ya haura miliyan ɗaya a shekara. Kuma ku sa mata a cikin shugabancin, ba a wajen dafa abincin taro kaɗai ba. Matan Darfur ne suka fi ɗanɗana wannan yaƙi a jikinsu, kuma matan nan garin za su fahimci haka kafin ku gama bayani.

Ina kuɗin za su bi? Nan ne na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake tsananta magana. Shekarun baya wata ƙaramar ƙungiya da nake ciki ta tara kuɗi don wasu da aka kora daga garuruwansu, muka tura ta hannun wani mutum da aka ce mana yana da hanya, yana kuma da baki mai daɗi. Ya turo mana hotunan rabon kaya. Bayan watanni muka gane hotunan na wani rabo ne daban, na wasu mutane. Ba mu da rasit, ba mu da shaida, ba mu da wanda za mu kama. Abin da ya fi ciwo ba kuɗin ba ne, fuskokin matan da suka ba da kuɗin cefanensu ne, waɗanda sai da na bi su gida gida na gaya musu gaskiya. Tun daga ranar ban ƙara aika ko dala ta hannun mutum ɗaya ba.

Don haka kada ku tura wa lambar wayar da kuka gani a ƙarƙashin bidiyo a Facebook ko TikTok, komai kukan mai maganar. Ku bi ta ƙungiyar da ke aiki a wurin da gaske, mai rajista, mai ofishin da za ku iya shiga, mai ba da rasit da sunan ƙungiyarku. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF duk suna aiki a gabashin Cadi, inda dubban ɗaruruwa suka ƙetaro ta Adre tun da yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Akwai kuma ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj ta ƙasa, wadda ke da 'yan'uwa a Cadi da Sudan. A cikin Sudan ɗin kanta, matasan unguwanni sun kafa ɗakunan agajin gaggawa suna dafa abinci a tukunyar gayya da suke kira takaya, kuma su ne suka riƙe rayuka da yawa inda manyan ƙungiyoyi suka kasa shiga. Sai dai kai musu kuɗi daga nan yana bukatar amintacciyar ƙungiya a tsakani. Ku tambayi duk wanda za ku ba: nawa ke tafiya wajen gudanarwa, nawa ke isa ga mutane? Kada ku tsorata in an ce akwai kason gudanarwa, mota ba ta tafiya da addu'a kaɗai. Wanda ya ce muku ba a cire ko sisi, shi ne abin tuhuma. Kuma kada ku tara tsofaffin tufafi da nufin kai su Cadi. Kuɗin mota zai fi kayan daraja. Tufafi na kusa ne.

Bin amintacciyar hanya yana da wani dalili da ya fi tsoron ɓarawo. Bayan kisan Ruwanda, jama'a suka kwarara Goma a ƙasar Zayar ta wancan lokaci, kwalara ta kashe dubun dubata, duniya ta yi ta aika agaji. Sai ga shi cikin masu iko da sansanonin akwai waɗanda suka jagoranci kisan, suna sarrafa rabon abinci suna sake shiri. Har sashen Faransa na MSF ya janye daga sansanonin a ƙarshen 1994 saboda haka. Kuɗin da ba ka san inda ya sauka ba yana iya ciyar da mai bindigar da kake la'anta. Wannan ma shi ne dalilin da hukuma ke sa ido kan kuɗin da ke ƙetare iyaka. Ku yi wa ƙungiyarku rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, ku sanar da hukumar gari kafin kowane taron tara kuɗi, ku buɗe asusu da sa hannun mutum biyu ko uku. A 'yan shekarun nan an ƙara tsaurara bincike kan ƙungiyoyi masu zaman kansu. Takardunku su kasance a kammale kafin a tambaya.

Malamai kuwa, ku je musu da wuri, ba ranar da kuke neman sanarwa bayan sallar Juma'a ba. Mutane za su tambaye ku ko zakka ta halatta a nan. Kada ku yi fatawa. Sanannen abu ne a mazhabar Malikiyya cewa ana raba zakka a inda aka fitar da ita, sai in akwai waɗanda suka fi bukata a wani wuri. Ku bar malami ya yi wa jama'a bayanin wannan da bakinsa, ku kuma ware kuɗin zakka daban da na sadaka a littafinku, domin ba a sayen katin waya ko hayar kujeru da zakka. Ku gayyaci limaman ɓangarori daban-daban, ku gayyaci fastocin garin su ma. Tafiyar da ke yaƙi da ware mutane saboda asalinsu ba ta fara da ware wasu.

Yanzu na zo inda na ce zan dawo, kuma a ganina nan ne matasan Maraɗi za su fi yin tasiri, fiye da duk abin da za su tara. Hanya mafi sauƙi ta cika akwatin taimako ita ce a nuna wa jama'a abokin gaba. Ka ce "Larabawa na yanka baƙar fata", ko "Yahudawa kaza", ko "mabiya Buda kaza", nan da nan jini ya hau, hannu ya shiga aljihu. Kada ku yi. Wanda ya yi kisa yana da suna, rundunarsa tana da suna, kwamandansa yana da suna. Ku kira su da sunayensu. A Oktoban 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Heg ta samu Ali Kushaib, ɗaya daga jagororin mayaƙan sa-kai na Janjawid, da laifin ta'asar da aka yi a Darfur a 2003 da 2004. Mutum ɗaya aka tuhuma da abin da ya aikata, ba ƙabilarsa ba. Muna da Larabawa 'yan ƙasa a Nijar, maƙwabtanmu ne a kasuwa da makaranta, ba su kashe kowa ba. Ranar da ka ɗora laifin runduna a kan al'umma gaba ɗaya, ka ɗauki makamin da kake cewa kana yaƙa. Kisan Ruwanda bai fara da adda ba, ya fara da gidan rediyon RTLM da ke kiran Tutsi kyankyasai, ana dariya ana kiɗa. A Miyanma, kafin Musulmin ƙabilar Rohingya fiye da 700,000 su tsere Bangaladash daga Agustan 2017, an daɗe ana zuba musu ƙazamar magana a intanet, kuma kamfanin Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya isa ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura jama'a.

Kada ka ce wannan labarin nesa ne. Tambayi manya abin da ya faru a Toda, nan ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ƙare da kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Mutanen da suka yi wannan ba baƙi ba ne daga wata ƙasa. Yau kuma, saurari saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da aka sace wani a kan iyaka: "duk su ɗaya ne", "kada a sayar musu da hatsi", "a kore su daga kasuwa". Na zauna da wata Bafulatana a ɗaya daga ƙauyukan da aka tsugunar da 'yan gudun hijira, wadda 'yan bindiga suka kwashe shanun gidansu, 'yan banga kuma suka kashe ɗanta a hanyar kasuwa don kamanninsa. Tana magana tana gyara bakin wata tsohuwar ƙwarya da zare, ba ta ɗago kai ba har ta gama. Ta ce ita yanzu ba ta san wanda za ta guda ba. Shi ya sa na ce kada ku yi saurin kiran rikicinmu kisan ƙare dangi: da zarar ka faɗi haka, mai sauraro zai tambaya wace ƙabila ke ƙare wace, kuma ka ba shi izinin ramuwa. Idan ƙungiyarku ta iya horar da mutum biyu a kowace fada da za su riƙa cewa "dakata, wa ya faɗa, ka gani da idonka?" kafin a tura saƙo gaba, kun yi aikin rigakafi na gaske, ba da ko dala ba.

Hotunan gawa ma ku rage. Sukan girgiza mutum sau ɗaya, na biyu ya kau da kai, na uku ya toshe lambarka. Ban da haka, gawar nan uwar wani ce. Da yawa cikin bidiyon da ke yawo ma tsofaffi ne ko na wata ƙasa aka sauya musu suna. In ba ku tabbatar ba, ku bar shi. Mai rai da ke ba da labarinsa da yardarsa ya fi kowane hoto. Akwai 'yan Sudan masu neman mafaka a Agadas, da ɗalibai da 'yan kasuwa da suka zauna can suka dawo.

A ɓangaren murya, kada ƙanƙantar ƙasa ko talauci ya sa ku raina kanku. Gambiya, da ba ta kai jihar Maraɗi faɗi ba, ita ce ta kai Miyanma ƙara Kotun Duniya a Nuwamban 2019 a kan Rohingya, ƙarƙashin ministan shari'arta Abubacarr Tambadou, wanda ya taɓa aiki a kotun da ta hukunta masu kisan Ruwanda, ya je sansanonin Bangaladash ya ji labaran da ya riga ya san irinsu. A Janairun 2020 kotun ta umarci Miyanma ta kare su. Ku abin da ke hannunku shi ne ku hana mantuwa. Ku nemi fili a gidajen rediyon gari, ko na minti goma sha biyar a wata. Ku ɗaure shekararku da ranaku uku da duniya ta riga ta ware: 7 ga Afrilu don Ruwanda, 11 ga Yuli don Sirebirenitsa, 9 ga Disamba don duk waɗanda irin wannan kisa ya ci. A kowace ranar ku karanta lissafin asusu a gaban jama'a kafin ku roƙi sabo. Wanda ba shi da kuɗi ku ba shi aiki: mai kabu-kabu ya kai takardu, malamar makaranta ta yi rubutu, mai shago ya ajiye akwati. Mutum yana zama inda ake bukatarsa.

Jika 140 ɗin nan da ke hannun ma'ajinku, kada ta ƙara kwana bakwai ba a yi maganarta ba. Ku kira duk wanda ya bayar, ko mutum goma ne suka zo, ku zuba kuɗin a tabarma ku ƙirga a gabansu, ku ce: mun tara ba mu shirya hanyar aikawa ba, ga hanyoyi biyu da muka bincika, ku zaɓa. Ku aika, ku manna rasit a ƙofar masallacin unguwa, ku ɗauki hotonsa ku tura wa kowa. Sannan ka ɗauki kwafi guda ka koma wurin Alhajin nan, kai da wani babba da yake jin nauyinsa. Kada ka roƙe shi komai ranar. Ka nuna masa takardar, ka gaya masa ranar da za ku je Cadakori, ka ce akwai wuri a mota in yana son ya aiko yaronsa.